Babi na Uku: Kilo Nawa Ya Dace da Tsawona?

Duk wanda ya taɓa hawa sikeli a asibiti, ko a wajen yaran nan da ke yawo da shi a kasuwa da tashar mota, ya san tambayar da ke biyo bayan saukowa. Allura ta tsaya a kan 82, mutum ya dubi lambar, ya dubi mai sikelin, ya ce, "To wannan ya yi yawa ne ko kuwa daidai ne?" Mai sikeli ba shi da amsa, kuma ba laifinsa ba ne, domin kilo 82 shi kaɗai bai faɗi komai ba. A jikin dogon mutum mai kusan mita biyu, wannan nauyi ba ya ko nunawa. A jikin gajeriyar mace kuwa, kaya ne da gwiwoyi za su yi ta kuka da shi. Shi ya sa likitoci suka rungumi wani lissafi da ke haɗa nauyi da tsawo ya fitar da lamba ɗaya, wadda a takardun asibiti ake rubuta ta BMI. Wasu sun ɗauki lambar nan tamkar hukuncin kotu, wasu kuma, musamman a 'yan shekarun nan, suna cewa shirmen Turawa ne da ya kamata a yi watsi da shi. Abin da wannan babi zai tsaya a kai shi ne cewa lambar tana faɗin gaskiya idan ta yi sama sosai ko ta yi ƙasa sosai, amma a tsakiya, inda mafi yawanmu muke, ba ta isa ta yanke magana ita kaɗai ba sai an nemo mata shaida ta biyu.

Yadda ake lissafin

Ana ɗaukar tsawon mutum a mita, a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Namiji mai tsawon mita 1.70, idan aka ninka 1.70 sau 1.70 za a sami 2.89. In nauyinsa kilo 70 ne, a raba 70 da 2.89, lambarsa ta zama 24.2. In ya ƙara ƙiba ya kai kilo 87, lambar ta haura 30. Mace mai tsawon mita 1.60 kuma, kilo 65 ya kai ta 25.4, kilo 77 ya kai ta 30, kilo 47 kuwa ya saukar da ita ƙasa da 18.5. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa lambobin gida huɗu ga manya: ƙasa da 18.5 rama ce, daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 zuwa sama kuma ƙiba ce da ake lissafa ta cikin matsalolin lafiya. Bisa wannan rabo, mai tsawon mita 1.70 yana da fili daga kilo 54 zuwa 72, wato tazarar kilo 18. Wannan tazara kaɗai ta isa ta nuna cewa babu wani nauyi guda ɗaya tak da aka ce shi ne na lafiya.

Wanda ya ƙirƙiro shi ba likita ba ne

Tarihin lissafin yana bayyana ƙarfinsa da rauninsa a lokaci guda. Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam da aka haifa a 1796, masanin taurari ne da ƙididdiga. Damuwarsa ba ciwo ba ce, so yake ya gano siffar matsakaicin mutum a cikin al'umma, kamar yadda masu duban sararin sama ke tara awo masu yawa su fitar da na tsakiya. A shekarun 1830 ya lura cewa nauyin manya yana tafiya ne da tsawo sau tsawo, ba da tsawo kawai ba. Daga nan lissafin ya kwanta fiye da shekara ɗari babu wanda ya damu da shi sosai. Waɗanda suka fara ɗaukar nauyin jiki da muhimmanci kamfanonin inshorar rai ne a Amurka, domin sun ga a littattafansu cewa masu nauyi da yawa suna riga sauran mutuwa, kamfani kuma yana biya da wuri. A 1972 ne Ancel Keys, wani masanin aikin jiki Ba'amurke, shi da abokan aikinsa suka gwada hanyoyi daban-daban na haɗa nauyi da tsawo a kan maza sama da 7,000 daga ƙasashe biyar, suka ga na Quetelet ya fi sauran kusantar yawan kitsen da aka auna kai tsaye, suka raɗa masa sunan da ake kiran sa da shi yau. Babu mace ko ɗaya a cikin waɗanda aka auna, kuma manufar ita ce nazarin jama'a masu yawa.

Iyakokin 25 da 30 su ma mutane ne suka zauna suka zana su. A 1998 hukumomin lafiya na Amurka suka saukar da iyakar nauyin da ya wuce kima daga 27 da ɗoriya zuwa 25, don ta dace da ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Miliyoyin Amurkawa suka kwanta da nauyi daidai suka wayi gari a rukunin masu nauyi fiye da kima, ba tare da sun ƙara ko giram ɗaya ba. Masu sukar BMI suna son wannan labari ƙwarai, kuma suna da hujja a ciki: babu wani abu da ke faruwa a jikin mutum daidai lokacin da ya tashi daga 24.9 zuwa 25.1. Sai dai hakan bai rushe ma'aunin ba. Haɗarin ciwo yana hawa ne sannu a hankali, kuma dole a ja layi a wani wuri in ana son a san wa za a fara dubawa, kamar yadda ake yi da awon hawan jini.

Abin da lambar ta gano

Da BMI shirme ne, da ba zai hango mutuwa ba, amma yana hango ta. A 2009 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani nazari da ya haɗa bayanan manya kusan 900,000 daga bincike 57, yawancinsu a Turai da Arewacin Amurka, waɗanda aka auna sannan aka bi diddiginsu shekaru. Mutuwa ta fi ƙaranci a tsakanin 22.5 da 25. Daga nan zuwa sama, duk ƙarin maki biyar yana tafe da ƙarin haɗarin mutuwa na kusan kashi 30 cikin 100. Masu lamba 30 zuwa 35 sun rasa shekara biyu zuwa huɗu a matsakaicin tsawon rai, masu 40 zuwa 45 kuma sun rasa takwas zuwa goma, asarar da ta yi daidai da ta mai shan taba. Ma'aunin da ba ya buƙatar komai sai sikeli da bango, amma ya iya fitar da irin wannan bambanci, ba abin rainawa ba ne, balle a ƙasashen da asibitin karkara ba shi da na'urar duba kitsen ciki kuma ba zai same ta nan kusa ba.

Dalilin wannan alaƙa ba ɓoyayye ba ne. Kitse ba ajiya ba ce da ke kwance shiru, nama ne mai rai da ke fitar da sinadarai cikin jini. Idan ya yi yawa, musamman wanda ya taru a cikin ciki ya lulluɓe hanji ya kutsa cikin hanta, sai jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa tsoka. Sashen da ke samar da insulin sai ya ninka aiki, ya yi ta yi har ya gaji, daga nan ciwon suga ya bayyana. Jiki mai girma yana buƙatar ƙarin jini, zuciya ta ƙara bugu, ƙoda ta riƙe gishiri, jini ya hau, kuma hawan jini shi ne babbar ƙofar shanyewar ɓarin jiki. Gwiwa tana ɗaukar ninkin nauyin jiki a kowane taku, don haka ƙarin kilo goma ba kilo goma ba ne a wajenta. Kitsen wuya yana matse hanyar iska cikin barci, ya kawo minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, mutum ya tashi da safe a gajiye kamar bai kwanta ba. A 2016 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa nau'o'in daji 13 da ke da alaƙa da yawan kitse, ciki har da na mahaifa, na babban hanji, da na mama bayan ɗaukewar al'ada.

Inda sikeli ya makance

Amma a lura, duk abin da aka lissafa a sama aikin kitse ne, BMI kuwa ba kitse yake aunawa ba, nauyi yake aunawa. Sikelin mahauci ba ruwansa da abin da aka ɗora masa: kilo ɗaya na tsoka, kilo ɗaya na kitse da kilo ɗaya na ƙashi duk ɗaya suke a wajensa, mai saye ne ya san ba ɗaya ba ne. Ɗauki ɗan kokawar da ke shiga gasar takobi a Nijar, ko ɗan dakon da ke wuni yana saɓar buhunan hatsi a kasuwar Dawanau. In tsawonsa mita 1.80 ne, nauyinsa kilo 95, lambarsa 29.3 ce, saura ƙiris ya faɗa rukunin masu ƙiba, alhali cikinsa a shafe yake. Ma'aikacin ofis mai tsawo da nauyi iri ɗaya, wanda daga kujera sai mota, lambarsa ita ma 29.3 ce, amma tasa a tumbi take. Takarda ta ce ɗaya suke, jininsu kuwa in aka gwada zai ce ba haka ba.

Wannan kuskure shi kowa ya fi ambata, amma shi ne mafi ƙarancin illa, domin ƙaƙƙarfan mutane irin waɗannan ba su da yawa, kuma likita da idonsa zai gane su. Kuskuren da ya fi haɗari shi ne na ɗaya ɓangaren, wato mutumin da lambar ta wanke alhali kitse ya cika masa ciki. A 2004 wasu likitocin ciwon suga biyu, John Yudkin na Ingila da Chittaranjan Yajnik na Indiya, suka buga hotonsu tare a mujallar Lancet. Dukansu lambarsu 22.3 ce. Da aka duba su da na'ura, kitse kashi 9.1 cikin 100 ne na jikin Baturen, na Ba'indiyen kuma kashi 21.2. Haka abin yake ga tsofaffi da yawa: tsoka tana zaizayewa da shekaru, kitse yana maye gurbinta, sikeli bai motsa ba, damtse da cinya sun tsuke, ciki ya fito. Akwai kuma waɗanda lissafin bai shafe su ba sam. Mai juna biyu, da wanda ciwon ƙoda ko na zuciya ya tara masa ruwa a jiki, nauyinsu ba na kitse ba ne. Yara kuwa ana duba su ne da jadawalin shekaru da jinsi, ƙananansu ma a wuraren kula da tamowa damtse ake aunawa.

"Ai ma'aunin Turawa ne"

Gaskiya ne, kuma ita ce suka mafi nauyi. An zana iyakokin ne galibi daga bayanan Turawa, kuma a 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta fito fili ta ce kada a dogara da BMI shi kaɗai, tana kafa hujja da wannan da wasu dalilai. Sai dai masu kawo wannan suka a wajenmu yawanci suna nufin cewa jikin baƙar fata ya fi jure ƙiba, don haka iyakarmu ta fi ta Bature nisa. Shaida ba ta goyi bayan wannan fata ba. Wani bincike da aka buga a 2021 kan manya kusan miliyan ɗaya da rabi a Ingila ya tambayi abu ɗaya: a wace lamba ce sauran jinsuna ke kaiwa ga haɗarin ciwon suga irin na Bature mai lamba 30? Amsar ita ce 28.1 ga baƙar fata, 26.6 ga Larabawa, 23.9 ga mutanen Kudancin Asiya. Wato in za a gyara ma'aunin saboda mu, ƙasa za a saukar da shi. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta riga ta yi haka, tana amfani da 23 da 27.5 ga 'yan asalin Afirka da Asiya a maimakon 25 da 30. Ƙasar Sin tana amfani da 24 da 28. Ba shakka, Bahaushen da ke Landan da wanda ke Maraɗi abincinsu da zirga-zirgarsu ba ɗaya ba ne, kuma binciken da aka yi a nan gida bai kai na can yawa ba. Amma wanda ya ce "ba namu ba ne" ya ci gaba da tara teɓa, ya ɗauki hujjar da ke gargaɗinsa ya mai da ita lasisi.

Akwai wata suka kuma da jaridu suka yayata a 2013, lokacin da Katherine Flegal da abokan aikinta suka haɗa bincike 97 suka ga masu lamba 25 zuwa 30 sun ɗan fi masu nauyi daidai tsira daga mutuwa, da kusan kashi 6 cikin 100. Kanun labarai suka ce 'yar ƙiba tana ƙara tsawon rai. Matsalar tana cikin waɗanda aka kwatanta da su. Rukunin "nauyi daidai" ya ƙunshi mashaya taba, waɗanda tabar ke ramar da su kuma take kashe su, da marasa lafiyar da ciwo ya riga ya fara cin su, irin su daji da tarin fuka, waɗanda ke zubar da nauyi tun kafin a gano su. Ba ramar ce ta kawo ciwon ba, ciwon ne ya kawo ramar. A 2016 wani babban nazari ya ware kusan mutum miliyan huɗu da ba su taɓa shan taba ba kuma ba su da wani ciwo mai tsanani, ya kuma zubar da mace-macen shekaru biyar na farko. Mafi ƙarancin mutuwa ya dawo tsakanin 20 da 25. Duk da haka a yi wa Flegal adalci: haɗarin da ke tsakanin 25 da 27 ƙarami ne, kuma ga dattijon da ya haura saba'in, rama ta fi 'yar ƙiba ban tsoro. Wannan ma yana ƙarfafa maganar da aka fara da ita, cewa a tsakiya lambar ba ta da kaifi.

Tef ɗin tela

Shaida ta biyu da ake buƙata ita ce awon ciki, domin shi ke nuna inda kitsen ya sauka. Kitsen cinya da ɗuwawu, wanda mata suka fi tarawa, bai kai na ciki illa ba. Wani bincike kan ciwon zuciya a ƙasashe 52, da aka buga a 2005, ya nuna cewa girman ciki in aka gwada shi da na ƙugu ya fi BMI nuna wanda ciwon zai kama. Awon ba wuya. Mutum ya tsaya ba riga mai kauri, ya laluɓo ƙashin haƙarƙarinsa na ƙarshe da saman ƙashin ƙugunsa, ya zagaya tef a tsakaninsu, wato ɗan sama da cibiya, ya saki numfashi yadda ya saba ba tare da ya haɗiye cikin ba, sannan ya karanta. Ba a inda wando ke tsayawa ake aunawa ba, domin mai tumbi a ƙarƙashin tumbin yake ɗaure wandonsa, shi ya sa zai rantse cewa awonsa bai canza ba tun yana ango. Haɗari yana fara hawa daga santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, ya yi tsanani daga 102 da 88. Akwai ƙa'ida mafi sauƙi da hukumar jinya ta Ingila ta amince da ita a 2022: kada zagayen ciki ya kai rabin tsawo. Mai tsawon santimita 170 kada cikinsa ya kai 85. Wanda ba shi da tef ya yanki igiya daidai tsawonsa daga ƙasa zuwa ka, ya ninke ta biyu, ya zagaya cikinsa. In bakunan ba su haɗu ba, lokacin gwada suga da jini ya yi, ko da lambar BMI ɗinsa 23 ce.

Likitanci ma nan ya dosa. A farkon 2025 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ba da shawarar kada a ce mutum yana da ƙiba da BMI kaɗai sai an haɗa da awon ciki ko awon kitse, sannan a bambanta wanda ƙibar ta riga ta taɓa aikin gaɓoɓinsa da wanda ba ta taɓa ba tukuna. Amma sun bar ƙofa ɗaya: wanda lambarsa ta haura 40, babu buƙatar wata shaida.

Ƙasar da ake yunwa ma?

Mai karatu na iya cewa duk wannan damuwar masu ƙoshi ce, mu da yaranmu ke fama da tamowa. Alƙaluman sun ce matsalolin biyu suna zaune tare. A duniya, Hukumar Lafiya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas yana da ƙiba, kuma adadin a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. A Najeriya, binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya sami kashi 12 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 a rame, kashi 28 kuma nauyinsu ya wuce kima, a daidai lokacin da kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ba su yi tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yunwar farkon rayuwa tana share wa cututtukan ƙiba hanya. Binciken da aka yi kan 'yan kasuwa a Enugu, aka buga a 2010, ya nuna cewa waɗanda yunwar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ta same su suna ciki ko suna jarirai sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini da matsalar suga da suka kai shekara arba'in. Jikin da aka gina cikin rashi ba ya iya ɗaukar yalwa, kuma a Arewa maso Yamma, inda fiye da rabin yara suka tsumbure a wancan binciken na 2018, wannan magana ce ta shekaru talatin masu zuwa.

A kan wannan kuma ga al'ada. Inda aka daɗe ana ganin rama tare da talauci da ciwo, ba abin mamaki ba ne a ce wa wanda ya yi ƙiba "jiki ya yi kyau", a dubi amaryar da ta cika a yaba wa mijinta, a ɗauki tumbi alamar hutu. Har ta kai 'yan mata da matan aure suna sayen magungunan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasunsu na ƙara cin abinci ne, wasu kuma irin su deksametazon ne, da ke tara ruwa a jiki, su kumbura fuska, su tura kitse zuwa ciki da ƙeya, su ɗaga suga da jini, su raunana ƙashi. Mai shan su tana ƙara kilo a sikeli, kuma kilon yana sauka ne daidai wurin da ya fi cutarwa.

Wanda awonsa ya nuna ya wuce ba sai ya koma nauyin samartakarsa ba kafin ya ga amfani. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon suga aka sa musu burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, sai kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 87, kashi 7 kilo shida ne kawai. Tambayar da ta rage ita ce daga ina kilon nan suke shigowa, tunda kakanninmu ma tuwo suka ci. Babi na gaba zai bi sawun abin da ya canza a kwanon abinci da a hanyar zuwa aiki: lemon kwalba, shayi mai cokali huɗu na suga, taliyar leda, man suya, da babur ɗin da ya maye gurbin tafiyar ƙafa.